Kwamfutar da ta ƙi tashi: a nemi inda ta tsaya kafin a yi mata fomatin

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gyaran kwamfuta, ko a Titin Beirut da ke Kano ko a wata kasuwar, ya san kalmar da kusan kowa ke shigowa da ita: "Malam, ta ƙi tashi." Ɗalibin da ya rage kwana uku ya miƙa aikin kammala karatunsa haka zai ce. Mai shagon buga takardu ma haka zai ce. Amma wannan jimla guda ta rufe cututtuka aƙalla huɗu waɗanda ba su da dangantaka da juna. Akwai kwamfutar da ko fitila ba ta kawowa. Akwai wadda fanka ke juyawa amma fuskarta baƙa ƙirin. Akwai wadda ke nuna tambarin kamfaninta sannan ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Akwai kuma wadda ke kaiwa har ga 'yan ɗigogin nan masu zagayawa na Windows, sai ta watsa shuɗin allo ta mutu ta sake kunna kanta, ta yi ta yi kamar mai ɗibar ruwa da kwando.

Abin da ke damuna shi ne amsar da aka fi bai wa duka huɗun iri ɗaya ce: "Sai an yi mata fomatin." Wato a shafe komai a zuba sabon Windows. A cikin huɗun nan, biyu na farko fomatin ba ya ko taɓa su, domin matsalarsu ta faru tun kafin a zo maganar Windows. Na uku sau da yawa saiti ne kawai ya goce. Na huɗu ne fomatin ya fi iya warkarwa, shi ma yawanci akwai hanyar da ba sai an yi asarar fayil ko ɗaya ba. Maƙera sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Tashin kwamfuta miƙa-miƙa ne. Da ka danna maɓalli, wuta ce ke fara aiki. A babbar kwamfuta ta tebur, akwatin wuta yana mayar da wutar bango zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, kuma sai ya ga sun daidaita sannan ya aika wa babban allo, wanda masu gyara ke kira bod, alamar cewa a ci gaba. Daga nan wata 'yar manhaja da ke zaune a cikin bod ɗin kanta ta karɓa. Da ana kiran ta BIOS, yanzu a kusan duk sababbin kwamfutoci UEFI ce, ko da yake bakin mutane bai bar tsohon sunan ba. Ita ce ke ƙirga kayan gida: ƙwaƙwalwar sarrafawa tana nan? Ram, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, yana amsawa? Akwai abin nuna hoto? In ta gamsu sai ta nemi faifan ajiya, ta ɗauko wani ƙaramin shiri mai tayar da Windows, shi kuma ya ɗora zuciyar Windows tare da direbobin da ba za a iya tafiya ba sai da su, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ya iya magana da kayan kwamfutar. Sai bayan duk wannan ne kake ganin wurin sa kalmar sirri. Kowane mataki ba ya farawa sai wanda ya gabace shi ya gama. Saboda haka abu na ƙarshe da ka gani a fuskar kwamfutar shaida ne cewa duk matakan da suka gabace shi lafiyarsu ƙalau, kuma ciwon yana daidai inda tafiyar ta yanke.

Wadda ba ta kawo ko fitila ba, maganarta ba ta da tsawo. Caja ce, ko bakin caja, ko batir, ko akwatin wuta, ko kuma bod ya ƙone. A ƙasar da ake ɗauke wuta a dawo da ita da ƙarfin da ya fi ƙima, a kuma koma kan janareta, caja ita ce abin tuhuma na farko. A gwada wata mai ƙarfi daidai da tata, yawancin kwamfutocin cinya suna cin wajen bolt 19 ne. A cire caja da batir in mai cirewa ne, a danne maɓallin kunnawa kamar rabin minti domin ragowar wutar da ta maƙale ta zube, a sake gwadawa. In duk an yi shiru, aikin mai awon bod ne, ba na mai zuba manhaja ba.

Ta biyu ta fi ban sha'awa, domin kwamfutar tana magana, mu ne ba ma saurare. Idan BIOS ta ƙirga kayan gida ta tarar da gibi, ba ta da hanyar rubuta maka a fuska tunda fuskar ba ta tashi ba tukuna. Sai ta yi ƙara: ƙit, ƙit, ƙit, wani gajere wani dogo. Kwamfutocin cinya na HP sukan ƙifta fitilar maɓallin manyan baƙaƙe, na Dell kuma su ƙifta fitilar caji da ruwan goro da fari a jere. Yawan ƙiftawar yana da ma'ana, kuma kowane kamfani da nasa lissafin, wanda yake rubuce a littafin samfurin. Mai gyaran kirki yakan tsaya ya ƙirga. Abin da aka fi samu a nan ram ne. Ƙurar hunturu ta shiga, ko jijjigar hanya a bayan babur ta ɗan ɗaga shi daga mazauninsa. A cire shi, a goge haƙoransa masu ruwan zinare a hankali, a mayar har sai ya ce ƙas. In guda biyu ne a gwada ɗaya bayan ɗaya. Na sha ganin kwamfutar da aka yanke wa hukuncin mutuwa ta farfaɗo da wannan kawai. Kuma kafin a zargi bod, a jona ta da talabijin ko wata fuska ta waje. Wani lokaci kwamfutar ta tashi sarai, fuskarta ce ta mutu.

Akwai kuma zafi. Wadda ke kunnuwa ta yi 'yan daƙiƙu ko mintoci sannan ta ɗauke ɗif, ba shuɗin allo ba saƙo, sau da yawa kare kanta take yi. Ƙwaƙwalwar sarrafawa tana da ma'aunin zafi, in ya wuce iyaka sai ta yanke wuta. Fanka ta cushe da ƙura, ko man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya ta ya bushe. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri wannan ba baƙon abu ba ne.

Matsala ta uku ita ce inda ake yawan yi wa mutane asara a banza. Kwamfuta ta nuna tambari, sai ta rubuta da Turanci cewa babu abin tashi. Mai ita ya firgita, ya ɗauka komai ya tafi. To a nan sai a shiga BIOS, da F2 ko F10 ko Del gwargwadon kamfani, a duba abu biyu: shin tana ganin faifan ajiyar, kuma wace rana take nunawa? Ranar tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A kan bod akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS lokacin da babu wuta. Yawancin kwamfutocin da muke saye na hannu ne da suka yi shekaru a ofisoshin Turai da Amurka, batirin nan nasu ya tsufa. Idan ya mutu, a kwamfutoci da dama saiti yakan koma yadda ya fito daga masana'anta. Agogo ya koma wata tsohuwar shekara, jerin abin da za a fara tashi da shi ya canja, ko kuma a sauya daga tsohon salon tashi zuwa na UEFI alhali an zuba Windows ɗin a kan ɗayan salon. Faifan lafiya lau, fayiloli suna nan, kawai ana ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba ce.

Ɗan'uwan wannan shi ne shuɗin allon da ke cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, mai lamba 0x7B. Ana iya saita yadda bod ke magana da faifai ta hanyar AHCI ko ta RAID. Windows yana ɗora direban hanyar da aka zuba shi a kanta ne. In saitin ya juya, sai ya fara tashi, ya kai tsakiya ya nemi faifan da yake tsaye a kansa ya rasa. Gyaran bai wuce mayar da saitin guda ɗaya ba. Wanda ya yi fomatin a nan zai ga ta tashi, ya ɗauka ya yi gwaninta, alhali ya rushe gida ne saboda mabuɗi ya ɓata.

Idan kuwa BIOS ba ta ganin faifan sam, ko yana wani ƙas-ƙas-ƙas a ciki, to magana ta canja. Tsohon nau'in faifai yana da faranti masu juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, da allura mai shawagi a samansu. Wannan ƙarar alama ce ta cewa allurar tana nema ba ta samu. Kowace kunnawa tana iya ƙara ɓarna. A nan ra'ayina ba shi da sassauci: a kashe, a daina gwadawa, kar a sa masa umarnin gyaran faifai irin chkdsk, domin tilasta wa majinyaci gudu ne. A fara kwafe abin da za a iya kwafewa. Kwamfutocin Dell da HP suna da gwajin kayan ciki wanda ba ya buƙatar Windows, na Dell ta F12, na HP ta Esc sannan F2, kuma yakan faɗi gaskiya game da faifai da ram cikin 'yan mintoci.

Saura na huɗu, wanda shi ne ainihin "tana mutuwa tana tashi". Babu misalin da ya fi fayyace shi kamar abin da ya faru ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024. Da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya, kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura wani ɗan fayil na sabuntawa zuwa manhajarsa ta Falcon da ke kan kwamfutocin abokan cinikinsa. Da ƙarfe 6:27 ya janye shi. Minti 78 ke nan. A cikin wannan ɗan lokaci, bisa ƙiyasin Microsoft, na'urori kusan miliyan 8.5 masu amfani da Windows suka faɗa shuɗin allo, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na masu Windows a duniya, amma su ne na filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci. Tashar Sky News ta Ingila ta ɗauke na wani lokaci. Kamfanin jiragen Delta ya soke tashi wajen 7,000 cikin kwana biyar, ya kuma ce asararsa ta kai dala miliyan 500.

Me ya sa ɗan fayil ya yi wannan aika-aika? Windows ya kasu hawa biyu. A hawan sama manhajojin yau da kullum suke. In ɗaya ta rikice sai a rufe ta, sauran su ci gaba. A hawan ƙasa kuwa zuciyar tsarin take, tare da direbobi, kuma a can babu mai tsawatar wa wani. Idan direba ya taɓa wurin da bai kamata ba a cikin ram, Windows ba shi da tabbacin abin da ya lalace, don haka yakan gwammace ya tsayar da komai da ya ci gaba yana rubuta shirme a kan faifai. Shuɗin allo birki ne da aka taka da gangan. Manhajar Falcon tana da direba a wannan hawan na ƙasa, kuma yana cikin waɗanda ake ɗorawa tun farkon tashi, domin aikinsa ya riga ɓarawo shiga gida. Bayanin da kamfanin ya fitar daga baya ya nuna cewa sabon fayil ɗin, mai lamba 291, ya sa an nemi bayani na 21 alhali guda 20 ake bayarwa. Direban ya miƙa hannu wurin da babu komai, kwamfuta ta faɗi. Ta sake tashi, ta sake ɗora direban, ya sake karanta fayil ɗin, ta sake faɗuwa.

Babban abin lura shi ne janye fayil ɗin bai ceci waɗanda suka riga suka karɓa ba, domin kwamfutar da ke mutuwa kafin ta kama intanet ba za ta iya karɓar gyara ba. Shi ya sa aka ji shawara mai kama da wasa daga Microsoft cewa wasu sun dace bayan sun sake kunnawa har sau 15: tsere ne tsakanin intanet da faɗuwa, wani lokaci gyararren fayil ya riga shiga. Sauran kuwa sai da mutum ya taka da ƙafarsa zuwa gaban kowace kwamfuta, ya tashe ta a Safe Mode, wato yanayin tashi na musamman don gyara, ya shiga foldar CrowdStrike da ke cikin foldar direbobin Windows, ya goge fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291. Shi ke nan. Fayil ɗaya. Manyan kamfanonin duniya sun tsaya cik, kuma maganin bai kai girman hoto guda na waya ba. Ba kuma wannan ne karo na farko ba: a watan Afrilun 2010 wata sabuntawa ta McAfee ta ɗauki wani halastaccen fayil na Windows XP mai suna svchost.exe a matsayin ƙwayar cuta, kwamfutoci suka shiga irin wannan zagayen.

Darasin da mai kwamfuta ɗaya a gida zai ɗauka daga nan tambaya ce: me ya canja kafin ta fara? Kwamfuta ba ta cika rikicewa haka siddan ba. An sa sabon direba? An ƙara ram? An zuba manhajar kashe ƙwayar cuta ta biyu a kan ta farko? Ko an ɗauke wuta tana tsakiyar sabuntawa, lokacin da take roƙon kar a kashe ta? Wannan na ƙarshen shi ne namu na gida, musamman ga mai kwamfutar da batirinta ya mutu tana rayuwa a kan caja.

Safe Mode yana aiki ne domin yana tayar da Windows da 'yan direbobin da suka zama dole kaɗai. In ta tashi a haka, ka san kayan ciki da zuciyar tsarin suna da rai, mai laifin wani baƙo ne da aka ƙara. Da can F8 ake dannawa, amma tun Windows 8 a 2012 aka rufe wannan ƙofa saboda tashi ya yi saurin da yatsa ba ya cimma. Yanzu in Windows ya kasa tashi sau biyu a jere, a karo na uku yakan shiga ɗakin gyaransa da kansa. Kana iya jawo hakan ta hanyar danne maɓallin kashewa da zarar ɗigogin sun bayyana. A cikin ɗakin akwai gyaran tashi na kai tsaye, akwai cire sabuntawar ƙarshe, akwai mayar da tsarin zuwa wata ranar baya, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke taɓa takardunka da hotunanka. Kuma don Allah a ɗauki hoton shuɗin allon da waya kafin ya ɓace. Rubutun manyan baƙaƙen da ke ƙasa, wani lokaci har da sunan fayil mai ƙarewa da .sys, shi ne bakin zaren. Idan kullum suna ɗaya yake fitowa, direba ne. Idan kuwa yau wannan gobe wancan, ba tsari, ni ram nake fara zargi, sai a gwada shi da manhajar gwajin ram ta MemTest86 daga filash a bar shi ya yi awoyi yana zagayawa.

Kafin duk wani gyara mai nauyi, a kwashe kaya. Ana iya sa Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows, a filash a tashi kwamfutar da shi ba tare da an zuba shi ba, a buɗe faifan a kwafe fayiloli zuwa wani wuri. Ko a ciro faifan a jona shi da wata kwamfutar. Aikin awa ɗaya ne ko biyu, kuma shi ne bambancin mai gyara da mai shara. Na fahimci dalilin masu shago: fomatin yana da sauri, sakamakonsa tabbas ne, layi kuma yana jira. Amma wanda ya kawo kwamfutar yawanci ba Windows ne ya dame shi ba, abin da ke ciki ne.

Sai dai akwai wani shinge da ya fara tare ko masu gyaran kirki, wato BitLocker. Wannan tsari ne da ke kulle duk abin da ke kan faifai ta yadda ko an ciro shi ba za a karanta ba. Mabuɗin yana ajiye a wani ɗan guntu a kan bod mai suna TPM, wanda ke sakin sa kawai in ya ga tashin ya bi hanyar da ya sani. Ka canja saitin BIOS, ko ka ɗauke faifan zuwa wata na'ura, ko ka nemi shiga wasu sassan ɗakin gyara, sai a tambaye ka mabuɗin ceto mai lamba 48. A rikicin CrowdStrike wannan ne ya mayar da aikin minti biyar ya zama na kwanaki, domin wasu kamfanonin sun ajiye mabuɗansu a kan manyan kwamfutocin da su ma suka faɗi. An kulle ɗaki, mabuɗin kuma yana ciki.

Mutane da yawa ba su ma san faifansu a kulle yake ba. Sababbin kwamfutoci masu Windows 11 sukan kunna kullen da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, su ajiye mabuɗin a cikin asusun. To a wurinmu wa ya buɗe asusun? Sau da yawa yaron shagon da ya saita kwamfutar ne ranar da aka saya, da wani adireshin imel da shi kansa ya manta. In kuma ta hannu ce da ta fito daga wani ofishi a ƙetare ba a sake zuba mata tsari ba, mabuɗin yana wurin ma'aikatar da ba ta san da zamanka ba. Ranar da batirin kwabon nan ya mutu, saiti ya goce, allon neman lamba 48 ya fito, babu gwanin da zai fasa shi, ko a Kano ko a Legas ko a hedikwatar Microsoft. A nan ne kaɗai nake yarda mai gyara ya ce sai fomatin ba tare da na yi masa musu ba. Mai kwamfutar da ke tashi lafiya yau yana iya shiga saitunanta ya duba ko kullen yana kunne, in yana kunne ya nemo lambobin nan 48 ya rubuta su a takarda, ya ajiye inda yake ajiye takardun gida.